Asabar takwas a ajin tarihin 'yanci a Jos: abin da ya biya kuɗina da abin da ya rage

Shekara shida ke nan ina riƙe da muƙamin magatakardan wata ƙungiyar 'yan kasuwa a nan Jos, kuma duk wanda ya taɓa riƙe irin wannan aiki ya san cewa rubuta bayanan taro shi ne mafi ƙanƙantar ɗawainiyar da ke cikinsa. Babban aikin shi ne wayar dare, wadda za a ce maka an kama yaron shagon wane ko an tsare motar kayan wane, ka tashi ka sa rigar sanyi ka tafi neman beli da roƙo da ban-baki, alhali ba ka san iyakar abin da doka ta ba ka ba, balle wanda ta hana wanda kake roƙo. Wannan ne ya sa da na ji labarin wata cibiyar karatun manya da ke kusa da titin Bauchi ta buɗe ajin tarihin kundin tsarin mulki don waɗanda ba lauyoyi ba, ban yi wata-wata ba na biya naira dubu goma sha biyar na yi rajista. Darasin na mako takwas ne, kowace Asabar daga bayan La'asar zuwa gab da Magariba, kuma yanzu da muka kammala ina ganin ya dace in bayyana wa masu niyyar shiga zagaye na gaba abin da za su tarar.

Wurin ɗaki ne guda a saman bene, mai kujeru kusan talatin, da allo, da majigin da ake haska hotuna a bango idan akwai wuta. Mun yi karatun ne a tsakiyar hunturu, kuma tagogi biyu ba su da gilashi, saboda haka duk wanda ya san sanyin Jos na watan Janairu zai fahimci dalilin da ya sa dattawan ajin suka riƙa zuwa da bargo. Sau biyu aka ɗauke wuta janareta ya ƙi tashi, muka ƙarasa darasi da fitilar waya. Waɗannan gyare-gyare ne masu sauƙi, kuma bai kamata a bar su ba tunda ana karɓar kuɗi.

Malamin lauya ne matashi, wanda kowa ke kira Barista, kuma da Hausa yake koyarwa, Hausar da ba ta cika gauraye da Turanci ba sai inda ya zama dole. Ranar farko na zaci zai buɗe mana kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ne kai tsaye, sai ya haska hoton wata tsohuwar fata mai cunkushe da ƙananan rubutu, ya ce wannan ita ce Magna Karta, yarjejeniyar da Sarki John na Ingila ya buga wa hatimi a watan Yunin 1215 a wata fadama da ake kira Ranimid, a bakin kogin Tems. Da Latin aka rubuta ta a kan jemammiyar fata, kuma kwafi huɗu ne kawai na wannan shekara suka rage a duniya, biyu a babban ɗakin karatu na Birtaniya da ke Landan, ɗaya a Linkon, ɗaya a Salisburi. Da farko na ji kamar an yi nisa da abin da ya kawo ni, amma kafin a tashi na gane inda ya dosa.

Abin da na fi yaba wa Barista shi ne bai yi wa labarin kwalliya ba. Bai ce mana wasu masu kishin talaka ne suka tashi suka ƙwato wa jama'a haƙƙi ba. Ya bayyana cewa John ya rasa ƙasar Nomandi a hannun Faransa a 1204, ya shafe shekara goma yana tatsar manyan hakimansa da haraji da tara da kuɗin gado domin ya haɗa rundunar da za ta ƙwato ta, sannan a 1214 aka ragargaza abokan ƙawancensa a yaƙin Bubin, ya koma gida ba ƙasa ba kuɗi. Hakiman nan, waɗanda su kansu masu danne na ƙasa da su ne, suka yi tawaye suka kama Landan, suka tilasta masa zama. Dukiyarsu da 'ya'yansu da matan da za su bari idan sun mutu suke karewa, shi ya sa a cikin sharuɗɗa 63 na takardar akwai wanda ya hana a tilasta wa matar da mijinta ya rasu sake aure, har da wanda ya ce a cire shingayen kamun kifi daga kogin Tems.

A mako na biyu ne ajin ya kama wuta, domin Barista ya san da waɗanda yake magana. Ya zaɓo sharuɗɗan da suka shafi kasuwa ya karanta mana su ɗaya bayan ɗaya. Na 35 ya ce a yi ma'auni guda na hatsi a duk faɗin masarautar, da faɗin ƙyalle guda, da awon nauyi guda. Wata Hajiya mai sayar da hatsi, wadda ba ta ce uffan ba a makon farko, ta ɗaga hannu ta ce, "Barista, ashe rigimar mudu ta girmi kakanninmu, har sarkin Turawa sai da aka zaunar a kanta?" Ya amsa mata da cewa, "Ƙwarai kuwa, Hajiya, kuma ki saurari na gaba." Sai ya karanta na 28, wanda ya hana jami'in sarki ɗaukar hatsin mutum ba tare da ya biya nan take ba, da na 30 wanda ya hana a ɗauki doki ko keken shanun ɗa, wato wanda ba bawa ba, ba da yardarsa ba, da na 31 wanda ya hana a ɗebi katakon mutum don gina ganuwar sarki sai da izinin mai shi. Masu sayar da katako uku da ke zaune a bayana suka dubi juna. Daga nan ya buɗe sashe na 44 na kundinmu, wanda ya ce ba za a karɓe dukiyar mutum da ƙarfin hukuma ba sai bisa doka, tare da biyan diyya ba da jinkiri ba da kuma damar zuwa kotu, ya bar mu muka ga dangantakar da idanunmu. Ya kuma nuna mana sharaɗi na 20, wanda ya ce tara ta yi daidai da girman laifi, kuma kada a ci tarar ɗan kasuwa har a cinye masa jari. Ban taɓa jin an yi maganar tara da irin wannan hankali ba a duk zaman sulhun da na halarta.

Zuciyar darasin ita ce sharuɗɗa na 39 da na 40, kuma mako biyu cur muka yi a kansu. Na farkon ya ce ba za a kama ɗa ba, ko a ɗaure shi, ko a ƙwace abin hannunsa, ko a kore shi daga ƙasa, sai da hukuncin tsararrakinsa bisa ƙa'ida ko kuma bisa dokar ƙasa. Na biyun kuwa alkawarin sarki ne cewa ba zai sayar wa kowa adalci ba, ba zai hana shi ba, ba kuma zai jinkirta shi ba. A nan Barista ya yi wani abin da ya nuna cewa da Hausa ya yi tunanin darasinsa. Ya ce mu lura da kalmar "ɗa" a ma'anarta ta da, wato wanda ba bawa ba, wadda daga gare ta muka samo kalmar "'yanci" ita kanta. Takardar 1215 ɗa ta kare, alhali kaso mai yawa na manoman Ingila a lokacin ɗaurarru ne a gonakin iyayen gidansu, ba su da ikon tashi ba izini, kuma wannan kariya ba ta kai gare su ba. Sai a 1354, zamanin Sarki Edward na Uku, majalisa ta sake rubuta alkawarin ta ce kowane mutum, ko mene ne matsayinsa, kuma a nan ne aka fara amfani da lafazin da lauyoyi ke ta maimaitawa har yau, wato bin ƙa'idar shari'a kafin a hukunta mutum. Shekara 139 ke nan tsakanin "ɗa" da "kowa", kuma ko bayan an rubuta hakan aikin bai ƙare ba.

Akwai wani dattijo a ajin, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda duk muke kira Baba. Shi ne ya yi tambayar da ta fi kowace nauyi a makonni takwas ɗin. Ya ce, "Ɗana, na ji an rubuta, amma wa zai kama sarki idan ya saɓa?" Barista ya ce, "Baba, su ma sun yi wannan tunanin," sai ya karanta sharaɗi na 61, wanda ya kafa kwamitin hakimai 25 da aka ba ikon ƙwace ganuwoyin sarki da filayensa idan aka kai masa kuka ya yi kwana arba'in bai gyara ba. Sannan ya faɗi abin da ya biyo baya ba ɓoye-ɓoye: John ya kai ƙara wurin Fafaroma Innocent na Uku, wanda ya soke yarjejeniyar a watan Agusta, kimanin mako goma bayan an buga mata hatimi, ƙasar ta faɗa yaƙin basasa, John ya mutu a watan Oktoban 1216. Abin da ya raya takardar shi ne bukatar masu riƙon ɗansa Henry na Uku, wanda yaro ne ƙarami a lokacin, waɗanda suka sake fitar da ita a 1216 da 1217 don jawo hakimai, bayan sun cire sharaɗin kwamitin nan. A 1225 aka sake fitar da ita a madadin harajin da sarki ke nema, a 1297 kuma Edward na Ɗaya ya tabbatar da ita cikin dokokin ƙasa. Ni a nawa fahimtar, wannan shi ne darasin da ya fi amfani ga mai irin aikina: takardar ta mutu a jaririyarta, kuma ta rayu ne kawai saboda duk lokacin da sarki ya zo neman kuɗi an samu waɗanda suka ɗauko ta suka ajiye a gabansa kafin su buɗe jaka.

Makonni na biyar da na shida sun yi sauri fiye da kima, kuma wannan na daga cikin ƙorafina. A cikin awa huɗu aka ratsa shekara ɗari shida. Mun ji yadda a 1627 Sarki Charles na Ɗaya ya ɗaure waɗanda suka ƙi ba shi rancen dole, aka kai maganar kotu aka ce umarnin sarki ne kawai dalilin tsare su, da yadda lauya Edward Coke da majalisa suka tono Magna Karta suka kafa hujja da ita a takardar koken haƙƙi ta 1628. Mun ji dokar 1679 wadda ta ƙarfafa umarnin kotu na a kawo tsararre gaban alƙali a faɗi dalilin tsare shi, abin da lauyoyi ke kira habiyas kofus, da dokar haƙƙoƙi ta 1689 wadda ta hana sarki dakatar da doka ko ɗora haraji ba da yardar majalisa ba. Daga nan aka tsallaka Amurka, inda gyara na biyar ga kundinsu a 1791 ya ɗauki lafazin nan na bin ƙa'idar shari'a, sai sanarwar haƙƙin ɗan'adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1948, sai yarjejeniyar Turai ta 1950 kan haƙƙin ɗan'adam. Duk gaskiya ne, amma an jero su kamar tashoshin mota, kuma na ga Hajiya ta ajiye biro tun a tsakiyar hanya. Da an rage sunaye an tsaya a kan shari'ar 1627 kaɗai, da an fi ƙaruwa, domin ita ce ta fi kama da abin da muka sani a gida, musamman dokar soja mai lamba 2 ta 1984, wadda ta ba da ikon tsare mutum ba shari'a ta kuma hana kotu ko da tambaya.

Inda Barista ya sake kama mu shi ne da ya iso Najeriya, domin ya nuna cewa yankin da muke zaune yana da hannu a labarin. A 1957 gwamnatin Birtaniya ta kafa kwamiti ƙarƙashin Sir Henry Willink don ya binciki fargabar ƙananan ƙabilu gabanin samun mulkin kai, ciki har da masu neman a yanke musu jiha a tsakiyar ƙasar nan. Rahoton da ya fito a 1958 bai amince da ƙirƙiro sababbin jihohi ba, amma ya ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙin ɗan'adam cikin kundin tsarin mulki, aka kuwa ɗauko tsarin daga yarjejeniyar Turai ta 1950, ya shiga kundin 1960. Daga can ya gangaro har zuwa Babi na Huɗu na kundin 1999, sashe na 33 zuwa na 46. Mako na bakwai gaba ɗaya a kan sashe na 35 aka yi shi, kuma shi kaɗai ya biya mini kuɗina. Yanzu na san cewa wanda aka kama yana da ikon yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa, cewa dole a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji, cewa idan akwai kotun da ta dace a cikin tazarar kilomita arba'in to kwana ɗaya ne wa'adin gabatar da shi, kuma cewa wanda aka tsare ba bisa doka ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a. A cikin garin Jos babu inda ya kai kilomita arba'in daga kotu. Shekara shida ina roƙon alfarma a kan abin da yake haƙƙi ne rubutacce, kuma wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Babban saɓanina da darasin kuwa shi ne yadda aka gina shi kamar dai iyakance ikon mai mulki tsiro ne da bai taɓa fitowa a wata ƙasa ba sai Ingila. An ambaci taron majalisar Leyon a Sifen na 1188 da takardar zinariya ta Hangari ta 1222 a jimla guda, amma ba a ce komai a kan namu ba sai da na tambaya. Na tuna wa Barista cewa a ƙarshen ƙarni na goma sha biyar Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha a kan wajiban mai mulki, cewa tarihin Kano ya danganta kafa majalisar Tara ta Kano, wato manyan mashawartan sarki guda tara, ga Rumfan, cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki sarakunan Haɓe a kan haraje-harajen da suke ɗora wa talaka da gaisuwar da ake kai wa masu iko, kuma cewa a ƙasar Yarbawa majalisar Oyo Mesi ta kasance tana da ikon raba Alafin, wato sarkin Oyo, da gadonsa. Ya saurare ni da ladabi, ya ce, "Malam, gaskiya ka faɗa, amma akwai bambanci tsakanin nasihar da malami ya yi wa sarki da sharaɗin da aka ɗaure sarki da shi, wanda za a iya ɗauka a kai kotu." Hujjarsa tana da ƙarfi, kuma na yarda cewa zaren da ya kai ga Babi na Huɗu ta Landan ya biyo. Sai dai shi da bakinsa ya koya mana cewa takardar 1215 ba ta ɗaure John ko na wata uku ba, kuma ɗaruruwan shekaru aka yi kafin talaka ya iya dogara da ita. Idan haka ne, to namu ma ya cancanci a ba shi Asabar guda, ko don ɗalibi ya daina jin cewa tuhumar mai mulki baƙon hali ne da aka aro daga Turawa.

Akwai kuma abin da aka tsallake wanda bai kamata a tsallake shi a Jos ba. Ƙasar da ta yi alfahari da cewa ba a korar ɗa sai da shari'a ita ce ta kama Sarkin Kano Alu bayan yaƙin 1903 ta kai shi Lakwaja, inda ya rasu. Ita ce kuma tsakanin 1942 da 1944 ta riƙa ɗebo mutane daga lardunan Arewa da ƙarfi tana kawo su haƙar kuza a kan dutsen nan, inda sanyi da yunwa da cuta suka kashe da dama. Baba ne ya ɗauko wannan maganar a ranar ƙarshe, ya ce mahaifinsa na cikin waɗanda aka kawo a ɗiban gwamna, kuma bai taɓa komawa garinsu ba. Ajin ya yi tsit na ɗan lokaci. Barista ya amsa cewa wannan giɓi ne a tsarin darasinsa, ya kuma yi alkawarin cike shi a zagaye na gaba, abin da ya ƙara masa daraja a idona.

Ƙorafina na ƙarshe a kan takardun darasi ne. Ana koyarwa da Hausa, amma duk abin da aka raba mana da Turanci yake, Turancin ma na lauyoyi, kuma hoton takardun ya dushe har wasu layukan ba sa karantuwa. Kusan rabin ajin sun fi sakewa da karatun Hausa, wasu ma da ajami, saboda haka abin da suka tafi da shi gida shi ne abin da suka iya riƙewa a ka. Ga cibiyar da ta ce don talaka ta buɗe ajin, wannan kuskure ne babba, kuma ya fi rashin gilashin taga muni.

Duk da haka ina ba duk mai shugabantar wata ƙungiya, da mai unguwa, da limami, da malamin makaranta shawarar su shiga, domin mutanen da ake bugawa waya da dare su ne suka fi bukatar wannan ilimi. Wanda yake neman a mai da shi lauya cikin mako takwas kada ya ɓata kuɗinsa, Barista ma ya sha nanata cewa idan magana ta kai kotu a nemi lauya. An ce zagaye na gaba zai fara bayan ƙaramar Salla, kuma ƙungiyarmu ta amince ta biya wa matasa biyu daga cikin yaran shaguna, namiji da mace. Ni kuma na zauna na juya sashe na 35 zuwa Hausa da hannuna, shafi ɗaya da rabi, na kai wa Barista ya duba kurakuran da ke ciki kafin mu buga mu manna a ofishin ƙungiya. Ya dawo mini da shi ranar Talatar da ta wuce da gyara a wuri huɗu, Hajiya kuma ta riga ta nemi a ba ta kwafi goma na layin masu hatsi.